Bargon da Inna Obdulia ta ƙi warwarewa

Duk garinmu na kusa da Mérida babu wanda bai san Inna Obdulia ba, kullum da yamma tana ƙofar gida kan kujerar roba, kwarashi a hannu, baki na aiki hannu na aiki. Tun tana yarinya take saƙa, hatta tulun ruwanta riga gare shi.

To bana sai ƙungiyar mata ta ɗauko wata Nerea daga Madrid ta shirya musu wasan kwaikwayo, labarin wata sarauniyar Girkawa da mijinta ya tafi yaƙi, ta yi shekara da shekaru tana saƙa tana warwarewa tana jiransa. Nerea ta ce a nata wasan babu jira, ranar da mijin ya dawo sarauniyar za ta warware saƙar a gabansa tas, ta yi gaba. Aka ba Inna matsayin sarauniya, aka ce ta saƙa bargon da kanta.

Ta saƙa kuwa, ja da shuɗi, har da furanni a gefe. Sai da ta gama sannan ta gane nata za a warware.

"'Yar nan, kin san wuyar saƙa furen nan kuwa?"

"Inna, ai 'yancin mata muke nunawa."

"'Yancin ne sai da ɓarnar zare?"

Ranar wasa dandali ya cika maƙil, Eleuterio mahauci ya shigo a matsayin sarki, gemun auduga na lilo, ya buɗe hannu wai ga mijinki ya dawo. Inna ta kama bakin zaren, ta ja kaɗan, fure ɗaya ya fara tafiya, wallahi sai hannunta ya tsaya. Nerea daga bayan labule tana raɗa, "Ja mana Inna, ja!"

Ina! Ta ninke bargon tsaf ta saka a hammata, ta danƙa wa Eleuterio kwarashin.

"Ungo, tsohon banza, in kana jin sanyi saƙa naka."

Ta sauka daga dandalin ta bi ta tsakiyar mutane ta nufi gida, mata suka miƙe suna tafi suna ihu, shi kuwa yana tsaye da kwarashi yana tambayar ko an gama ne.

Bargon yana kan kujerar falonta yanzu, ta gyara furen, kuma ba ta bari kowa ya zauna a kai.