Ba Caca Ka Koya Mana Ba, Malam Munzali

Ranar Alhamis, 7 ga Agusta, 2025, ina tsakiyar darasi a Birnin Kudu aka kira ni a waya daga garin Sara, aka ce Malam Munzali Salihu ya rasu da hantsi, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon damina. Na yi salati, na ajiye alli, na fita neman mota. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Wannan ba ni da ja a kansa. Abin da ya tsaya mini a rai, Malam, shi ne sunan da aka laƙaba maka har ka shiga kabari da shi.

Kai ka koya mana Turanci a ƙaramar sakandare, lokacin da yawancinmu sai mun yi gumi kafin mu haɗa jimla guda. Da ka ga littafi ya ƙi shiga kanmu, sai ka kawo wasan harhaɗa kalmomi. Ba ka da irin na kanti, don haka ka zana gidaje a kan wani tsohon katako, ka yayyanka sakaina ƙanana, ka rubuta harafi ɗaya a kan kowace, ka zuba a jakar da maiɗakinka, Inna Batulu, ta ɗinka. Kowa ya zura hannu ya ɗebo nasa haruffan, ya haɗa kalma, a rubuta masa maki.

Dokarka ɗaya ce: ba a ajiye kalma sai an faɗi ma'anarta da Hausa. Ban manta ranar da na jera "sickle" ina ta hura hanci ba, don na hardace ta daga ƙamus. Ka ce, "To Rabi'u, mene ne shi?" Na yi ta sosa ƙeya. Washegari ka shigo aji da lauje a hannu, ka ɗora mini a kan benci, ka ce, "Ga abin da ka rubuta jiya. Kullum da shi kake yi wa akuyarku ciyawa, amma ba ku taɓa gaisawa ba." Aji ya ɗauki dariya, ni ma na yi. Tun daga ranar ban sake hardace kalmar da ban san mece ce ba.

Har wurin mai tsire kake zuwa ka roƙi shafin wasan cike gurbi na tsofaffin jaridu kafin mai ya ɓata shi, ka kwafe mana a allo. A hannunka Zahara'u, wadda ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai, ta zama ba mai iya kayar da ita a makarantar. Yau ita ke fassara wa marasa lafiya bayanin likita.

Sai wata rana Alhaji Hambali, shugaban kwamitin iyayen yara, ya zo wucewa a kan babur. Ya hango mu a gindin dogonyaro mun yi da'ira, ana zura hannu a jaka, ana shewa, wani yana rubuta lambobi. Bai sauka ba, bai tambaya ba. Kafin Juma'a ta zagayo gari ya ɗauka cewa Malam Munzali yana koya wa 'ya'yan mutane caca.

Kai da ka fito daga gidan malamai, wanda rabin unguwarku a zauren mahaifinka suka yi karatun allo! Aka ƙwace katakon da jakar. Aka daina gabatar da kai salla idan liman ba ya nan. Daga baya aka jefa ka wata makaranta can cikin ƙauyukan Gwaram, inda mota ba ta shiga da damina. Mu ɗalibanka mun yi bayani har muryarmu ta dushe, aka ce ai dama yaran da aka lalata haka za su ce. Sunan ya zauna daram. Yaran da ba a ma haife su ba a lokacin, "Malam mai caca" suke kwatanta gidanka da shi.

Abu ɗaya ka roƙa a duk tsawon shekarun nan. Ka ce, "Ku zo ku zauna, a yi wasan a gabanku, ku duba ko akwai abin da ake ci ko ake biya." Ba wanda ya zo. Zama kallon wasan yara ya yi wa manya ƙanƙanta, amma ɓata sunan mutum bai yi musu girma ba.

Da na je duba ka a watan jiya, ka rame sosai, amma sai da ka tsokane ni ko har yanzu ina tsoron lauje. Can ka ce, "Rabi'u, canjin wurin aiki bai dame ni ba. Jikokina nake ji. Kada su tashi a ce musu kakansu ɗan caca ne."

Na iso ana shirin yi maka salla. Liman ya juyo, kamar yadda aka saba, ya roƙi jama'a duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Sahu ya amsa. Muryar da ta fi kowace tashi ta Alhaji Hambali ce: "Mun yafe masa, duk da abin da ya faru a baya." Har wasu suna gyaɗa kai, wai ga dattijo mai haƙuri. Wallahi ban taɓa jin ɗacin kalmar yafiya ba sai ranar. Al'adarmu ta tanadi lokacin da rayayyu za su yafe wa mamaci, ba ta tanadi lokacin da za a tambaya ko akwai wanda ya cuce shi ba.

Ran sadakar uku Alhaji ya leƙa cikin gida yi wa mata gaisuwa, ya maimaita wa Inna Batulu cewa shi kam ya yafe. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "An gode, Alhaji. Shi fa, ka samu ka tambaye shi ko ya yafe maka?" Ya juya ya nemi takalmansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Batulu, da 'ya'yanka Saifullahi da Nasiha, da dukan waɗanda suka taɓa zura hannu a jakar nan. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ku kuma jikoki, idan kun girma kun karanta wannan, ku sani kakanku malamin Turanci ne. Kalmomi ya koya mana da ma'anoninsu, bai taɓa caca ba, bai koya wa kowa ba. Ni ɗalibinsa ne, kuma zan faɗi haka a gaban Allah.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya kira ka da sunanka na gaskiya, tunda mu nan mun kasa.