Dalilin da ya sa Inna ke kirana Donato

Shekarun baya, ina ɗan makaranta a Yelwa, ba abin da ya hana ni sakat kamar sunana. Sunan kakana aka raɗa mini, don haka Inna ba ta iya faɗinsa saboda kunya. Maimakon ta ce Baba kamar kowace uwa, sai ta riƙa kirana Donato.

Wata rana abokina ya ce, "Kai, ai sunan Turawan Italiya ne da suka gina dam. Ka tabbata Babanka ne ya haife ka?"

Ni da nake baƙi wuluk kamar gindin tukunya, amma wallahi maganar ta shige ni. Abinci ya daina wucewa. In zauna in tashi, in leƙa randa ina duba hancina. Baba ya rasu, balle in tambaye shi.

Da abin ya ishe ni, na sami Inna tana gyaran kifi, na zazzage mata komai. Ta yi dariya har da hawaye.

"Wawan banza," ta ce. "Babanka ya yi ma wani Bature tuƙin jirgin ruwa lokacin aikin dam, shi ad da sunan. Ya gaya ma Babanka uwatai ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, da ya zo ta sa mai Donato, wai wanda Allah ya bayar kyauta."

Na ce, "To Inna, mi ya hana ki ce Kyauta?"

Ta ajiye wuƙar. "Na kira wanka Kyauta, bai zauna ba. Kabarinai na gungunmu na da, tsibirin nan da ruwan dam ya shanye. Da ka zo sai na ji tsoro. Na ce bari in faɗa da bakin da mutuwa ba ta ji."

Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Daga baya na karanta cewa sunan daga tsohon harshen Latin ya fito, har mutanen Sifaniya suna sa shi. Amma in na tuna, ba wannan ke tsaya mini a rai ba. Ni ina can ina zargin baiwar Allah, ashe duk kiran da ta yi mini, roƙo take yi a bar mata ni. Kuma an bar mata, don da hannuna na sa ta a kabari.