Lissafin da Na Raina Ya Cinye Littattafan Kawuna

A lokacin da abin nan ya faru ina da ɗan shagon gyaran wuta a unguwar Mabera cikin Sakkwato, shekara uku da gama makarantar koyon sana'a. Hannuna yana da kyau a aiki, wannan ba zan ɓoye ba, amma kaina ya fi hannun girma. A makaranta malaminmu ya sha nanata mana cewa idan ka ninka bolt, wato ƙarfin wuta, da amfiya, wato yawan wutar da ke bin waya, za ka san wat nawa abu yake ci, idan kuma ka raba bolt da amfiya za ka san turjiyarsa. Ni dai na haddace don jarrabawa, na zubar a bakin ƙofa. Gani nake lissafi na masu tsoron wuta ne. In na murza waya a tsakanin yatsuna, sai in ce za ta ɗauka, kuma Allah bai tashi kama ni ba sai a gidan da na fi jin kunya.

Kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne a Dundaye. Shi ake kira rabon gado, kuma bai taɓa faɗin rabon kowa da ka ba, sai ya rubuta ya sake dubawa. Yana da wani ɗaki a zaure cike da littattafan da ya gada daga kakanmu, mafi yawansu rubutun hannu ne a cikin gafaka, babu kwafinsu a ko'ina. Ana gobe azumi ya kira ni, ya ce 'yarsa ta aiko wa uwarta rishon lantarki, yana so in ja musu wuta zuwa madafa. Hanya mafi kusa ita ce ta silin ɗin ɗakin littattafan. Ina da ragowar siririyar waya irin ta ƙwan fitila a jaka, na ji ƙyuyar komawa kasuwa cikin wannan rana ta Sakkwato, sai na ja da ita. Kawu yana zaune a kan buzunsa yana kallona, ya ce, "Ɗana, ka yi lissahin abin da wagga waya ka iya ɗauka?" Na yi dariya na ce masa ai idona ma'auni ne.

Bayan kwana biyu aka kira ni, wai fis ya ƙone, wato ɗan abin nan da ke yanke wuta idan nauyi ya yi wa waya yawa. Maimakon in tsaya in tambayi kaina dalilin ƙonewarsa, sai na cire shi na nannaɗa tagulla mai kauri a gurbinsa, kamar yadda yawancinmu muke yi. Har na yi wa matar Kawu barkwanci cewa yanzu ko tuwon suna za ta dafa, babu abin da zai ɗauke. Da hannuna na cire mai gadin gidan, ina murmushi.

Ranar tara ga azumi, bayan la'asar, aka kawo wuta. Matar Kawu ta ɗora kunun buɗa-baki a kan rishon, Kawu yana masallaci wurin tafsiri. Wayar ta yi zafi a cikin silin, robarta ta narke, katako ya kama. Kafin maƙwabta su ga hayaƙi su kawo ruwa, rufin ya rufta a kan littattafan. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Abin da wuta ta bari kuwa ruwa ya ƙarasa, tawada ta bi ƙasa baƙi ƙirin.

Da na iso na tarar da shi a tsugune yana tsince gutsattsarin takardu. Na so a ce ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni. Bai yi ba. Sai ya miƙo mini wani tsinke, ya ce in nuna masa lissafin da ya tambaye ni ran nan. Na karɓa na rubuta a ƙasa. Rishon wat dubu biyu da ɗari biyu yake ci, wutar gida bolt ɗari biyu da ashirin ce, in ka raba ka sami amfiya goma. Wayar da na sa kuwa ba ta wuce ɗaukar biyar ba. Ya daɗe yana kallon lambobin, sannan ya ce, "Ashe wanga na duka lissahin? Ko tsawon alwala bai kai ba."

Wallahi har yau in na tsuguna yin alwala sai maganar nan ta dawo mini. Kawu ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ne, amma tun daga ranar idan ɗalibansa suka kawo wata mas'ala, sai in ji ya ce amsar tana cikin littafin kakanmu, ya yi shiru. Ni kaɗai na san nauyin wannan shirun a kaina.

'Yan'uwana masu aikin wuta, ina roƙonku ku duba abin da aka rubuta a jikin na'ura, ku raba wat da bolt kafin ku zaɓi waya. Idan fis ya ƙone, gargaɗi yake yi muku, kada ku toshe masa baki da tagulla. Masu gida kuma, in kun tambayi mai gyara ya ce idonsa ma'auni ne, ku miƙa masa tsinke ya rubuta a ƙasa tun ɗakin yana tsaye.