Hasken da Ke Hawa Gawo

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba, wani abokina Bafulatani daga wajen Burkusuma ya tsaya a ƙofar gidana da garkensa, za su yi kudu neman ciyawa. Ya ware wata jar saniya, haƙarƙarinta duk a waje, ga ciki. Ya ce in ya kora ta, a hanya za ta faɗi. Ya miƙo mini igiyar ya ce, "Ga amana, aboki. In ta rayu, to. In Allah ya amshi abinai, ban da magana."

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin cika baki. Na ce ya tafi hankali kwance, ko ni na kwana da ƙishi, ita ba za ta kwana ba.

Abin ci bai dame ni sosai ba, akwai kara, akwai 'ya'yan gawo daga babban gawon da ke ƙofar gidanmu. Ruwa ne ya zame mini aiki. Rijiyar ƙauyenmu, can bayan Turba, ta koma laka. Sai cikin gulbi, inda aka haƙa ramuka a yashi ruwa yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Da la'asar nake hawa mashin in tafi in kama layi, ba na samun ɗiba sai bayan magariba. Jarka huɗu nake ɗaurawa a baya, biyu na gida, biyu na saniya, in kamo hanya duhu ya riga ya rufe.

A nan fitilar mashin ta fara ba ni kunya. Tana kunne, amma ƙasa baƙi ƙirin. Ran farko na faɗa rami, jarka ɗaya ta fashe. Bayan kwana uku na hau kututture, wata ta bi ta. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na tsayawa ina sauraron yashi yana shanye ruwan da na yi yini ina jira ba.

Na ɗora wa ƙwan fitila laifi. Ran kasuwar Sabon Birni na je na ce a ba ni wanda ya fi kowane haske. Mai kayan ya ɗauko wani fari fat, ya ce, "Wanga ko allura kay yada kana ganin ta." Na sa shi ina taƙama. Haske kam akwai, sai dai ba inda nake so ba. Masu raƙuma da na gamu da su suna kare ido suna aiko mini da baƙar magana, ni kuma ramuka na nan ba na ganin su. In na shiga yashi na rage wuta, sai ya dushe, don ya fi ƙarfin mashin ɗin. Bai yi mako ba ya ƙone, har da narka robar da ke riƙe shi.

Sai na kai wa wani dattijon bakanike a Isa. Ya sa mini wani ƙwai, ya juya mashin ya fuskanci bangon rumfarsa, ya kwance noti, ya daidaita kan fitilar, haske ya kwanta daidai. Da idona na gani. Amma da daddare, ɗauke da ruwa, na sake shan ƙasa, gwiwata ta yage, jarka ta uku ta tafi.

Washegari saniya ta ƙi tashi. Sai da maƙwabta suka zo, wani ya kama wutsiya, wasu suka sa itace ƙarƙashin ciki, muka ɗaga ta. Duk wanda ya yi kiwo ya san abin da ke biyo bayan saniyar da ake ɗagawa. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini a hankali gara in kira mahauci tun tana da numfashi. Na ji maganar har cikin ƙashina. Na tuna bakin da na cika, kunya ta rufe ni.

Ina zaune ina wanke gwiwa, uwargidata ta zo ta tsaya. Ita ce ke rage ruwan girki tana kai wa saniyar ba tare da ta faɗa mini ba.

"Malam, ni ko in tambaye ka. Mi kaka nema bisa gawo kullum?"

Na ce wane irin zance ne wannan.

Ta ce, "In kana gwajin hitilar nan ƙohwar gida, ƙasa taka haskawa. Amma in za ka dawo da ruwa, tun ban ji ƙarar mashin ba nika ganin haske bisa kan gawo. Da shi nika sanin ka taho in aza tuwo."

Na harzuƙa. Na ce yaushe ta fara kanikanci, ita da ko hawa mashin sai an riƙe ta.

"Ban san mashin ba," in ji ta, "amma na san gawon ƙohwar gidanmu." Ta ɗauki ƙwaryarta ta yi ciki.

Girman kai rawanin tsiya. Na zauna ina huci, maganar kuma ta ƙi barina. Jarka huɗu a baya, da ni kaina, dole gindin mashin ya zauna, in gindi ya zauna kuwa kai ya ɗaga. Duk gwajin da muka yi, da ni da bakanike, mashin ba kaya muka yi shi. Fitilar ba ta taɓa yin laifi ba, taurari nake ta haska wa hanya.

Ruwan da zan yi gwaji da shi babu. Sai na ɗauko fasassun jarkokin nan uku da wata tsohuwa, na zuba musu yashi, ina ɗagawa ina kwatanta nauyin da na cikakkiyar jarka. Rabi da ɗan abu ya isa, yashi ya fi ruwa nauyi. Na ɗaure su yadda na saba, na nufi Isa da hantsi.

Da na kwance murfi masu zama a rumfar suka ga yashi, aka kwashe da dariya. Wani ya ce fari ya kai inda ake kawo yashi gari. Na ce da dattijon, "Baba, ka bar su su yi dariya. Za ni hau, kai ko ka dubi bango." Aka saki buhu a bakin rumfa don ta yi duhu, na hau, na tayar. Haske ya tsallake bango ya manne a rufi.

Dattijon ya riƙe haɓa ya ce, "Shekara da shekaru ina wanga aiki. Wa ag gwada maka?"

Na ce tunani ne kawai. Allah ya yafe mini.

Ina zaune a kai da kayana ya kwance notin, ya danna kan fitilar ƙasa har haske ya sauko ƙasa da tsayinta a bango, ya ƙulle. Ya kuma ja mini kunne kan ƙwai: in dubi lambar da ke gindin na asali in sayi irinta, mai ƙafafu iri ɗaya, kada in kama gilashin da yatsa sai da ƙyalle. Ya ce ƙwai mai haske ɗan ja-ja ya fi nuna rami a yashi, farin sai ya shafe komai ya zama bai ɗaya.

Da yamma na ari jarkoki na tafi gulbi. Da na kamo hanyar gida na kunna, wallahi sai da na yi kabbara ni kaɗai. Ga hanya shimfiɗe a gabana, ga ramin da ya fara kayar da ni, ga kututturen nan, har sawun awaki ina gani. Na kauce musu ɗaya bayan ɗaya ina yi musu kirari. Na iso da jarka huɗu, ko ɗigo bai zuba ba. Na tarar ba a ɗora tuwo ba. Uwargida ta fito da gudu ta ce ba ta ga haske a gawo ba, ta ɗauka na sake faɗuwa.

Saniya ta sha har ta ɗaga kai da kanta. Kwana huɗu muna ɗaga ta, ran na biyar na fito na same ta tsaye tana jan kara. Kafin bazara ta haifi maraƙa.

Da ruwan farko ya sauka abokina ya dawo, da ɗan abin da ya rage na garken. Bai tambaye ni saniyar ba, don kada ya sa ni jin nauyi. Muna cikin gaisawa ta ji muryarsa daga bayan danga, ta yi kuka, ta fito maraƙar na biye da ita. Ya tsaya sandarsa a kafaɗa yana kallon su. Sannan ya juyo, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Aboki, ƙaƙa kay yi?"

Bakina ya buɗe zai cika kamar yadda ya saba. Sai na hango uwargida a bakin zaure da ƙwaryar fura. Na ce, "Tambayi wagga. Ni tuƙi kawai niy yi."