Maharbin da Bai Iya Hawa Bishiya Ba

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da muke aji biyar na firamare, an gama noman firi ke nan. Na dawo daga yankan ciyawar awaki da buhu a ka, sai na ji Bulus yana ƙwala mini kira ta saman katanga kamar gidansu ya kama da wuta. Bulus ɗan Malam Ayuba ne, malaminmu na lissafi, mutumin kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke jikin namu a unguwar Magajin Gari. Na yar da buhun a zaure, ko kwance shi ban yi ba, na haura. A tsakar ɗakinsu, gaban talabijin ɗin da mamansa ke lulluɓewa da ƙyallen saƙa, ga wani ɗan akwatin roba mai ruwan toka, da hannuwan dannawa biyu masu dogayen wayoyi, da kaset rawaya. Kawunsa ne ya kawo masa daga Kaduna. A jikin kaset ɗin an zana wani ƙaton mutum riƙe da bindiga, ga damisa ta yi tsalle, ga jirgin sama yana ci da wuta, an kuma rubuta wai wasanni dubu ne a ciki. Dubu fa! Ni da ban taɓa sanin gem ba sai a bakin yaran da suka je hutu birni, sai na durƙusa ina jujjuya kaset ɗin.

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma har gobe ban yafe wa wanda ya yi zanen nan ba. Mun bi jerin wasannin nan ɗaya bayan ɗaya har babban yatsana ya yi kanta, muka gano 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, sai dai a sauya musu suna da launi. Tseren motar da ka gani ja a sama, shi za ka tarar a ƙasan jerin motar ta koma koriya, titin ɗaya, kwanar ɗaya. Akwai na ƙwallo wanda 'yan wasan duk fuskarsu ɗaya, mai tsaron gida kuwa yana tsaye ƙyam har a zura masa. Damisar da aka yi mana alkawari, ko kyanwa ba mu gani ba. Guda ɗaya ne ya ɗan yi kama da wasa, na wani maharbi mai jar hula da ke ratsa daji daga hagu zuwa dama, kuma shi ne ya cinye mana daminar nan.

Kai, maharbin nan abin haushi ne! Mu da muka tashi a bakin daji, muka san yadda maharban gaske ke tafiya ba a jin motsinsu, sai ga wani yana tafe yana ƙara kamar an taka ɗan tsako. Bai iya hawa bishiya ba. Bai iya sunkuyawa ya harba ba, sai ya miƙe tsaye tukuna a buge shi. Ruwan da ko idon sawu bai kai ba, da ya taɓa shi ya mutu. Ka danna maɓalli ya yi tsalle, sai ya tsaya shawara, sai da ka riga ka faɗa rami sannan ya tuna. Dajin nasa kuwa bishiya ɗaya ce aka yi ta jerawa, ba kaɗanya, ba ɗorawa, ba ko tururuwa, ga wani kiɗa mai layi ɗaya da ke bin ka har cikin salla. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannu na biyu. An ce wasan mutum biyu ne, amma ba a yi tare, sai na farko ya mutu na biyu ya karɓa. Wane irin wasa ne zai zaunar da kai kusa da amininka kana yi masa fatan faɗawa rami?

Da mun gaji mun watsar, don har mun fara komawa langa da ƙwallon tsumma a filin makaranta. Sai labari ya zo cewa an yi wa Malam Ayuba canjin wurin aiki, da an ba da hutun ƙarshen shekara za su kwashe kaya, gem ɗin ma ya bi su. A daidai lokacin ne wani ɗan ajinmu da ya taɓa zuwa Funtuwa ya rantse mana cewa a ƙarshen wasan ne damisar take, in ka kashe ta jirgin nan ya sauko ya ɗauki maharbin. Bulus ya dube ni a bakin rijiyar makaranta ya ce, "Nasiru, ba zan bar garin nan ba sai mun ga damisar nan da idonmu." Shi ke nan, hankalinmu ya tashi, bai kuma sake kwanciya ba.

Daga ranar komai nawa ya koma gaggawa. In ɗebo ruwa rabin bokiti yana zuba a hanya, in yanko ciyawa har da ƙaya, in je gona korar birai daga masara jikina na can zuciyata na ɗakin su Bulus. Allona na makarantar safe ya yi mako ban wanke ba. Baba ya tare ni a zaure wata rana ya ce, "Wannan mutumin na cikin akwati, shi zai yi maka maimai a gona?" Na sunkuyar da kai, yana juya baya na haura katanga. Ga shi wasan ba ya ajiye inda ka tsaya. Ka sha wuya tun azahar, ka wuce kogi, ka wuce duwatsu, hadari ya ɗan haɗo ta gabas, a ɗauke wuta, komai ya tafi. In wuta ta tsaya kuma sai adafta ta yi zafi ta fara warin ƙonanniyar roba. Muka gano dabara, muka jawo randar Maman Bulus kusa da soket muna ɗora adaftar a jikinta don ta sha sanyi, muna lulluɓa mata jiƙaƙƙen tsumma. Allah ne kawai ya tsare, da tuni mun ƙone gidan haya. Wani lokacin hoton ya daskare ya zama layi-layi, a ciro kaset a hura masa iska, a goge da bakin riga, a mayar, a koma farkon daji.

Maman Bulus takan leƙo da tsintsiya a hannu ta ce, "Ku tashi ku sha iska mana, idanunku sun yi ja kamar na masu zazzaɓi." Ɗinya ta fara nuna a lokacin, yaran unguwa suna dawowa daga daji da baki baƙi ƙirin, aljihu cike. Bulus ya sha cewa mu je mu ma kafin su tafi, ni ma na sha faɗa, amma kullum ɗayanmu ne ke riƙe da hannun gem, kullum kuma saura kaɗan. Muka yi ta cewa gobe. Mun yi faɗa ma sau da yawa, shi ya ce na yi masa magana ne ya faɗi, ni in ce ya riƙe hannun ya hana ni, mu yi zaman kurame kafaɗa na gogar kafaɗa har a kira magariba.

Ranar tafiyarsu motar kaya ta iso da hantsi. An fitar da gado, an ɗaure katifu, an kama kaji an sa a kwando. Bulus ya roƙi babansa a bar talabijin ya zama na ƙarshen lodi, Malam Ayuba ya duba agogo ya ce to, mu yi sauri. Muka ɗora shi kan buhun masara a ɗakin da ya zama fayau, muka zauna a siminti. Ranar wuta ba ta ko ƙifta ba. Na mutu a duwatsu, Bulus ya karɓa da ransa na ƙarshe, kuma a karon farko na ji ina yi masa addu'a da gaske. Ya wuce inda ba mu taɓa wucewa ba. Ga wata ƙofa baƙa a jikin dutse. Bulus ya shiga. Allon ya yi duhu, wasu kalmomin Turanci biyu suka fito, Malam Ayuba da ke tsaye bayanmu ya ce ko rubutun ba daidai ba ne. Sai kiɗan nan ya dawo, ga maharbi a farkon daji, bishiyoyin sun koma shuɗi. Ba damisa, ba jirgi, ba komai. Direba ya danna oda, aka zare waya, yaron mota ya sungumi talabijin. Kafin in gama jin haushi Bulus yana saman kaya yana ɗaga mini hannu, motar ta karya kwana. A lokacin ba waya a hannun kowa, ban kuma sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu 'ya'yana ke zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa da waya a hannu, suna buga wasannin da suka fi namu kyan hoto nesa ba kusa ba, amma halin na nan. Ka yi taku biyu a tsayar da kai da talla, ka kusa cin nasara a ce sai ka saya, ƙarshe kuwa ba a ma yi musu alkawarinsa. In na fara faɗa sai su yi dariya, su ce Baba ya tashi da masifar gem. Ba na iya ce musu su je daji cin ɗinya, don dajin ya daɗe da fin ƙarfin yara, har manya sai da shiri. Sai dai in ce su ajiye wayar su dubi juna, su kuwa ba su gane abin da nake nufi. Ni na san kowane rami a dajin maharbin nan, zan iya rera kiɗansa yanzu ba kuskure. Amma in na rufe ido ina neman Bulus, kunnensa na dama nake gani da gefen kumatunsa, hasken allo na wasa a kai. Sauran fuskar ta ɓace mini, kuma abin yana yi mini ciwo.