Farfesa da Alkamata

Tun ina da ƙarfina nake jiran amsa. Jiya na sake jin farfesan nan a rediyo yana bayanin cinikin ƙasa da ƙasa.

Shi ne a shekarun baya ya ce mana an hana shigo da alkamar waje har abada. Na tafi rugar Jauro a Ɗansoshiya karɓo shanuna, in sayar in sayi injin ban-ruwa.

Jauro ya ce, "Malam Sule, mai maganar nan ya sayar da nasa?"

Na ce, "Farfesa ne fa."

Na sayar da su, na shuka alkama. Alkamata ta nuna a Bagauda, sai ga ta waje ta dawo, tawa ko mai tayawa babu. Har yau ina kewar jar saniyata mai gane muryata.

'Yan boko, ku tambayo min shi: da zance ya canza, me ya hana shi dawowa ya faɗa mana?