Naman da na binne da hannuna

Sati uku na yi a asibiti ina jinyar Baba. Ni ke juya shi, ni ke zubar da fo, rakena kuwa yana can fadamar Gazara babu mai ba shi ruwa. Amma duk wanda ya zo dubiya, labarin ƙanina zai sha. "Dakta ya bugo waya," in ji Baba, baki har kunne. Dakta! Yaron da nake kaiwa makaranta a bayan keke.

Ciwon daji ne a hanjin Baba. Bayan tiyata aka miƙo mini kwalba, abin da aka yanke yana ciki a ruwan magani, aka ce a kai ɗakin gwaji. Ranar ƙanina ya kira ni.

"Yaya, don Allah riƙe kwalbar nan, jibi ina tafe. Ciwon nan iri-iri ne, kamar rake, akwai na sha akwai na mazarƙwaila. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a naman, maikuro-RNA, a kansu muke bincike. In muka auna su za mu gane wane iri ne na Baba, wataƙila a san maganin da zai fi karɓarsa."

Na fahimce shi sarai, wallahi. Ƙyashi ne ya shaƙe ni. Ya zo da farar riga, ya ɗauki kwalba ɗaya, a ce shi ya ceci Baba, ni kuwa mai fo!

Da na je gida ɗauko kaya, Baffa, wan Baba, ya ga kwalbar. "Subhanallahi! Naman mutum kake yawo da shi a leda? Ai binnewa ake yi." Bayani kaɗan ya ishe shi, amma na ja bakina na yi shiru. Muka tsiyaye ruwan, muka naɗe naman a farin ƙyalle, ni na ɗauki fartanya.

Ƙanina ya iso, na gaya masa. Sannan ya shiga wurin Baba ya ce na'urarsu ce ta lalata naman.

Wata bakwai Baba ya ƙara a duniya. Wata rana ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce, "Ka ga ƙanin nan naka, duk karatun nan, ashe ba abin da ya iya. Gara kai."

Maganar da na yi shekara ashirin ina jira ke nan. Na ci gaba da shafa man, ban iya ɗago kai ba.